Masana'antar batir tana kawo aiki, amma tana kawo ƙuri'a?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai lissafin da ya ƙi fita mini, ina so masana su taya ni. A watan Agustan 2022 Shugaban Amurka Biden ya sa hannu a dokar rage hauhawar farashi da ake kira IRA, wadda aka ƙiyasta za ta zuba kusan dala biliyan 369 a harkar makamashi da sauyin yanayi, galibi ta hanyar rangwamen haraji ga masu ƙera batir, farantan sola, fankokin iska da motocin lantarki. Ko ɗan Republican ɗaya bai jefa mata ƙuri'a ba. A majalisar dattawa ma sai da Kamala Harris ta raba gardama, 51 da 50. Amma da kamfanoni suka tashi kafa masana'antun, mafi yawan kuɗin sai ya nufi mazaɓun 'yan Republican ɗin, a Jojiya, Tenesi, Kentaki, Karolina ta Kudu da sauransu. Masu sharhi suka yi ta cewa shi ke nan dokar ta zauna daram, babu ɗan majalisar da zai yarda ya rushe abin da ke ciyar da mutanen mazaɓarsa. Sai ga shi ranar 4 ga Yulin 2025 Trump ya sa hannu a dokar da ta datse babban ɓangarenta, kuma da ƙuri'un waɗannan 'yan majalisar aka yi. To ashe masana'anta ba ta sayen ƙuri'a? Ko kuwa ayyukan ne ba su kai yadda ake zuzuta su ba?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Na biyun ne, Malam. Sanarwa daban, aiki daban. Ka tuna kamfanin kayan lantarki na Foxconn a jihar Wisconsin? A 2017 aka yi alkawarin dala biliyan 10 da ma'aikata 13,000, har Trump da kansa ya je bikin aza harsashi. A 2021 aka sake yarjejeniya, ma'aikatan suka koma ƙasa da 1,500. Na san ba harkar makamashi ba ce, amma halin ɗaya ne: gwamna yana son hoto, kamfani yana son filin banza da yafe haraji. A ɓangaren makamashin ma ga Solyndra, kamfanin ƙera farantan sola, gwamnatin Obama ta tsaya masa lamunin dala miliyan 535, ya durƙushe a 2011.

Gimbiya_99:
Kai Yaya Sarkin_Musu, duk wanda zai soki wannan harka sai ya tono Solyndra. Ma'aikatar makamashin Amurka da ta tsaya wa Solyndra lamunin ita ce ta ba Tesla bashin dala miliyan 465 a 2010, ya biya a 2013 tun kafin wa'adi. Me ya sa ba a ambaton wannan?

Injiniya_Sale:
Bari in ɗan gyara wani abu, don ana cakuɗa abubuwa biyu. Solyndra lamuni ne, an ba da kuɗi tun kafin a ga kaya. Rangwamen masu ƙera kaya da ke cikin IRA, wanda ake kira 45X, ba haka yake ba. Sai ka ƙera a cikin Amurka, ka sayar, sannan a ba ka. Ƙwayar batir dala 35 a kan kowane kilowat-awa, idan ka haɗa ƙwayoyin suka zama ƙunshi a ƙara maka dala 10. Farantin sola senti 7 a kowane wat, ƙwayar da ke cikinsa senti 4. Ku ɗauki mota mai batir kilowat-awa 60: dala 2,700 ke nan daga baitulmali a kan mota ɗaya, tun kafin mai saye ya karɓi nasa rangwamen na dala 7,500. Masana'antar da ba ta fitar da komai ba ba ta samun ko sisi. Don haka misalin Foxconn bai zauna a nan sosai ba, shi yana kan abin da jihohi ke bayarwa ne.

Kuma Malam Abu_Hanan, ba duka aka datse ba. Rangwamen mai sayen mota shi ya mutu ranar 30 ga Satumban 2025. Na gonakin sola da iska an gajarta masa wa'adi: ko ka fara gini kafin 4 ga Yulin 2026, ko ka kammala kafin ƙarshen 2027. Shi kuwa 45X na batir da sola yana nan, sai dai an ɗaura masa sharuɗɗa masu tsauri kan hulɗa da kamfanonin China.

Abu_Hanan:
Na gode Injiniya. Amma idan ka bar wa mai ƙerawa tallafinsa, ka cire na mai saye, wa zai sayi kayan?

Injiniya_Sale:
Nan gizo ke saƙar.

Maman_Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ba 'yar boko ba ce a wannan fanni, amma a ciki nake aiki, a wata masana'antar haɗa farantan sola a kudancin Amurka. Bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Aikin gaskiya ne, ba na takarda ba. Awa goma sha biyu a tsaye, wani zubin dare, akwai inshorar lafiya, kuma albashin ya fi na kantuna da gidajen abinci da yawancinmu muka baro. Na'urori ne ke jera ƙwayoyin, su manne gilas, mu namu duba tsaga da ɗaukar abin da na'ura ta ƙi. Zauren da za ka zata mutum ɗari biyar ne a ciki, in ka ƙirga ba su kai rabin haka ba.

Abin da ya shafi tambayar Malam Abu_Hanan shi ne, a ɗakin hutu ban taɓa jin wani ya ce wata doka ce ta kawo mu nan ba. In ka tambaya, cewa za su yi kamfani ne ya ga garin ya yi masa, ko gwamna ne ya jawo shi. Wadda muke layi ɗaya da ita tana da tambarin Trump a bayan motarta, kuma ba ta ga wani saɓani tsakanin wannan da aikinta ba. Da ana maganar zaɓe, tsadar kayan masarufi da kan iyaka da coci ake tattaunawa. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana daga ina kuɗin ke fitowa.

Gimbiya_99:
Anti Maman_Khalifa ta gama magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan Democrat suka sha zagin kashe kuɗin gwamnati, gwamnonin Republican suka yanke ƙyallen buɗe masana'antu. Ku dubi Brian Kemp na Jojiya: yana sukar dokar Biden, yana kuma alfaharin mayar da jiharsa cibiyar motocin lantarki. Kuma masana'antar farantan sola ta Qcells da ke Dalton a Jojiya tana cikin mazaɓar da ta tura Marjorie Taylor Greene majalisa, wadda ke cikin masu adawa da dokar ƙwarai.

Sarkin_Musu:
Ƙanwata, a nan kam na kama ki. Masana'antar Dalton a 2019 aka buɗe ta, zamanin Trump na farko, bayan ya ɗora harajin kashi 30 a kan farantan sola na waje a farkon 2018. Masana'antar motocin lantarki ta Hyundai da ke kusa da Savannah a watan Mayun 2022 aka sanar da ita, wata uku kafin IRA. Ford ya sanar da rukunin masana'antunsa na motocin lantarki da batir, BlueOval City na Tenesi, tun Satumban 2021. To don me mutumin Dalton zai gode wa Biden? Shi ma yana da hujjarsa.

Gimbiya_99:
Faɗaɗawar dala biliyan 2.5 da Qcells ya sanar a Janairun 2023 fa, har da sabuwar masana'antar Cartersville mai narka silikon ta yanka shi ta yi ƙwayoyin? Wannan bayan dokar ne, kuma rangwamen sola ɗin daga ƙudurin Sanata Jon Ossoff na Jojiya aka ɗauko shi. Haɗa faranti da ƙwayoyin da aka shigo da su daga waje abu ne mai sauƙi. Yin ƙwayar a gida shi ne mai wuya, kuma harajin kwastam kaɗai bai kawo shi ba.

Tsohon_Malami:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Wannan Qcells da kuke ja-in-ja a kansa, kun san asalinsa? Kamfanin Jamus ne, daga Thalheim a gabashin ƙasar. Akwai lokacin da ya fi kowa ƙera ƙwayoyin sola a duniya. Jamus ta yi doka a 2000 mai tabbatar wa duk mai samar da lantarki daga rana farashi mai kyau na shekara ashirin, kasuwa ta buɗe, masana'antu suka tashi a yankin da ya rasa ayyuka bayan haɗewar ƙasar. Amma dokar mai saye ta tallafa, ba ta tambayi inda aka ƙera farantin ba. Kamfanonin China suka shigo da araha, gwamnati kuma ta rage tallafin, a 2012 Q-Cells ya karye, Hanwha na Koriya ta Kudu ya saye shi. SolarWorld ya bi baya a 2017. Dubban ayyuka suka tafi, kuma ban ga gwamnatin da ta faɗi saboda haka ba.

Abin da nake so ku lura, Jamus ta riƙe mai saye ta saki mai ƙerawa. Amurka yanzu ta riƙe mai ƙerawa ta saki mai saye. China ce kaɗai ta riƙe duka biyun, kuma ta riƙe su shekara da shekaru ba tare da wani zaɓe ya zo ya juya akalar ba.

Mai_Lissafi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai dai kada mu mayar da China aljanna. Gaskiya ne hukumar makamashi ta duniya ta ce sama da kashi 80 na kowane mataki na ƙera farantin sola a can yake, kuma kamfanin batir na China, CATL, shi kaɗai yana da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar batirin mota. Amma larduna sun yi ta gasar kafa masana'antu har abin da ake iya ƙerawa ya zarce abin da duniya ke saye nesa ba kusa ba. A 2024 farashin faranti ya faɗo kusan senti 10 a kowane wat, manyan kamfanoni irin su LONGi suka tafka asara, aka sallami ma'aikata. Bambancin shi ne a can ba mai zuwa akwatin zaɓe ya huce haushi.

Kuma ga tambayar da 'yan siyasa ba sa so: me ake nema, rage hayaƙi ko samar da aiki? Idan rage hayaƙi ne, ka buɗe kan iyaka farantin China mai araha ya shigo. Yawancin ayyukan sola a Amurka ma na masu kafawa ne a kan rufi da filaye, ba na masana'anta ba, kuma arahar faranti ita ke ƙara musu aiki. Duk harajin da ka ɗora don kare mutum ɗaya a masana'anta, kana tsadar da kayan aikin mutane da yawa a waje. Biden da kansa a Mayun 2024 ya sanar da kai harajin motocin lantarki na China kashi 100, na ƙwayoyin sola kashi 50. A nan jam'iyyun biyu bakinsu ɗaya.

Kallabi:
@Mai_Lissafi, idan ka dogara da ƙasa ɗaya a kan abin da zai riƙe lantarkinka, ranar da kuka ɓata fa? Turai ta ga haka da iskar gas ɗin Rasha a 2022.

Mai_Lissafi:
Gas in an rufe bututu yau, gobe kana cikin duhu. Faranti in ka saya ka kafa, shekara ashirin da biyar yana aiki ko kun ɓata ko ba ku ɓata ba. Ba ɗaya ba ne. A kan batir da ma'adinai na fi yarda da ke.

Dan_Kwadago:
Ana ta cewa ayyuka, ayyuka, ba a tambayar wane irin aiki. Ba banza masana'antun suka tafi kudu ba. Fili da araha, lantarki da araha, sannan dokokin jihohin suna raunana ƙungiyoyin ƙwadago. A Lordstown ta Ohayo, GM ya rufe masana'antar motoci a 2019. Aka buɗe ta batir ta Ultium a kusa, ana fara biyan ma'aikaci dala 16.50 a awa, alhali tsohon ma'aikacin haɗa mota yana karɓar kusan dala 32. Ka ce wa wannan mutumin ya yi murna da sabon zamani? Sai da ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW ta yi yajin aikin 2023 ƙarƙashin Shawn Fain kafin a shigar da ma'aikatan batirin cikin babbar yarjejeniyar GM. A Afrilun 2024 ƙungiyar ta ci zaɓe a masana'antar Volkswagen ta Chattanooga, wata guda bayan haka ta sha kaye a ta Mercedes a Alabama.

Wannan yana da nasaba da tambayar farko. Ma'aikacin kwal yana da ƙungiya, yana da tarihi, kakansa ma a ramin ya yi aiki, in an taɓa shi gari guda ke tashi. Ma'aikacin batir shekararsa biyu a wurin, ba ƙungiya, ba wanda zai kwashe su a bas zuwa ofishin ɗan majalisa. Ɗan siyasa ba yawan mutane yake tsoro ba, haɗin kansu yake tsoro.

Maman_Khalifa:
Wannan gaskiya ne Malam. Mu ko ambaton ƙungiya ba a yi da ƙarfi.

Baban_Ummi:
Ni mai haɗa wayoyin lantarki ne, na yi aiki a ginin wata masana'antar batir. Ku riƙa rarrabe ayyukan gini da na dindindin. Lokacin gini wurin cike yake, ana biyan kuɗin ƙarin lokaci, masu gidajen haya da masu sayar da abinci suna ta ciniki. Ana gamawa muka naɗe kayanmu muka yi gaba. Sannan injinan da ake kafawa daga Asiya suke zuwa, da mutanensu masu saita su, littafin injin ma ba da Turanci yake ba. Ba raini ba ne, mu ba mu taɓa ganin irinsu ba. Watanni muka yi muna kallon yadda suke yi.

Kallabi:
Abin da Baban_Ummi ya faɗa shi ya fito fili a Satumban 2025, lokacin da jami'an shige da fice suka kai samame wurin ginin masana'antar batir ta Hyundai da LG a Jojiya, suka kama mutum 475, sama da 300 'yan Koriya ta Kudu. Gwamnati ɗaya tana cewa ku zo ku zuba jari, tana kuma sa wa masu kafa injinan ankwa. A Seoul abin ya yi zafi ƙwarai.

Haka rikicin yake game da China. Fasahar wani nau'in batir mai araha da ake kira LFP a hannunsu take. Ford ya so ya yi amfani da lasisin CATL, Gwamna Glenn Youngkin ya ce ba a Bajiniya ba, aikin ya koma Marshall ta Mishigan, daga baya ma aka rage ma'aikatan da aka yi alkawari daga 2,500 zuwa 1,700. A wata ƙaramar hukuma kusa da Big Rapids, a Mishigan ɗin, mutanen gari sun tsige shugabanninsu a Nuwamban 2023 saboda sun amince da masana'antar kayan batir ta Gotion, kamfanin China. Ga ayyuka sama da dubu biyu a kan tebur, jama'a suka ce ba sa so. Malam Abu_Hanan, wani lokacin masana'anta ƙuri'a take ci, ba kawowa ba.

Turai kuma ta gwada gina nata. Northvolt na Suwidin ya tara biliyoyin daloli, ya kasa fitar da batir mai inganci da yawan da ake buƙata, ya karye a Maris ɗin 2025. Yanzu Hangari ce ke karɓar CATL a Debrecen da BYD a Szeged, hannu bibbiyu.

Sarkin_Musu:
To kun gani. Kuɗin gwamnati ba ya koya wa mutum sana'a.

Injiniya_Sale:
Ba ya koyarwa a shekara uku. Su waɗanda suka iya ɗin, da kuɗin gwamnati da kariyarta suka koya, kuma sun ɓata kaya masu yawa kafin hannunsu ya faɗa. Sabuwar masana'antar batir takan zubar da kaso mai yawa na abin da ta ƙera a farkon fara aiki, ƙura kaɗan ko danshi ya lalata ƙwaya. Mai zuba jari yana lissafin shekara goma sha biyar zuwa ashirin, ɗan majalisar wakilai yana lissafin shekara biyu.

Admin_Zaure:
Jama'a mun yi nisa, har mun kai Hangari. Tambayar ita ce me ya sa 'yan majalisar da masana'antun ke mazaɓunsu ba su kare dokar ba.

Gimbiya_99:
Sun yi motsi, Admin, ƙarfinsa ne bai kai ba. A Agustan 2024 'yan Republican 18 na majalisar wakilai, Andrew Garbarino na gaba, sun rubuta wa kakakin majalisa Mike Johnson cewa kada a soke rangwamen gaba ɗaya. Da ranar ƙuri'a ta zo a Yulin 2025, 218 da 214 aka tashi, 'yan Republican biyu kacal suka ƙi. Dalili a bayyane yake: ba a kawo batun makamashi shi kaɗai ba, an cusa shi cikin ƙunshi guda da rage haraji da kuɗin tsaron kan iyaka. Wanda ya ƙi, ya ƙi shugaban ƙasa, kuma zai gamu da shi a zaɓen fidda gwani. A mazaɓar da jam'iyyarka ba ta faɗuwa, zaɓen fidda gwani shi ne zaɓen. A majalisar dattawa kuwa 51 da 50 aka sake yi, wannan karon JD Vance ne ya raba gardamar.

Tsohon_Malami:
Duk da haka 'yata, kada ki ce masana'antun ba su yi komai ba. Me ya sa 45X ya tsira alhali rangwamen mai sayen mota ya mutu? Saboda shi yana da gini da adireshi da shugaban kamfani mai lambar wayar sanata. Mai sayen mota ba shi da kowa. Chuck Grassley na Iowa, wanda ya kawo rangwamen lantarkin iska tun 1992, jiharsa kuma fiye da rabin lantarkinta daga iska yake, yana cikin waɗanda suka matsa aka ba da wa'adin fara gini na shekara guda. Ƙuri'ar talaka ba ta motsa ba, amma ta sanata ta ɗan karkata.

Abu_Hanan:
Baba, wato kariyar ta yi aiki rabi ke nan. Amma na koma kan abin da na tambayi Injiniya: an tsira da masana'anta, an rage masu saye. Kamfanin Freyr ya fasa gina masana'antar batir ta dala biliyan 2.6 a Jojiya tun Fabrairun 2025, kafin ma a zartar da sabuwar dokar.

Injiniya_Sale:
Wasu sun samo wata kasuwar. Layukan da aka gina don batirin mota ana juya su zuwa manyan baturan ajiyar lantarki, saboda cibiyoyin adana bayanai na kwamfuta suna shan wuta ba kaɗan ba, kuma rangwamen ajiya bai sha irin datsar da sola da iska suka sha ba. LG ya fara haka a masana'antarsa ta Holland a Mishigan. Sai dai juya layi yana ɗaukar lokaci, kuma a tsakanin nan ma'aikaci a gida yake zaune.

Sarkin_Musu:
Idan wuta ta yi tsada a jihohin nan, a lokacin za ku ga ƙuri'a ta motsa. Takardar kuɗin wuta kowane gida take shiga, masana'anta kuwa gari ɗaya take.

Mai_Lissafi:
Ko kuma kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan laifin tsadar, kamar kullum.

Maman_Khalifa:
Mu dai an ce mana odar da ke hannu za ta kai mu wani lokaci, saboda masu gonakin sola suna rige-rigen fara gini kafin wa'adi ya cika. Bayan nan ba wanda ya ce komai. Injiniya, don Allah sharaɗin nan na kayan China, ya shafi gilas da firam ɗin alminiyom ma, ko ƙwayoyin kaɗai? Namu gilas ɗin daga waje yake zuwa.

Injiniya_Sale:
Hajiya, ba ƙwayoyin kaɗai ba. Lissafin na kuɗin kayan da suka shiga cikin farantin ne, a ga kashi nawa ya fito daga kamfanonin da aka haramta, kuma kason da ake yarda da shi yana raguwa shekara bayan shekara. Ba ƙasar da kayan ya fito kawai ake dubawa ba, har da wanda ya mallaki kamfanin. Ki duba sunan da ke jikin akwatunan gilas ɗin, daga nan za mu san inda aka dosa.